Plumpy'Nut: yaron da yake wa amfani da wanda ba ya yi wa

Duk uwar da ke kai ɗanta awo a asibitocin Marwa, Mora ko Kusuri a arewacin Kamaru ta san 'yar ledar nan mai fari da ja. Plumpy'Nut ke nan, abincin tamowa na kamfanin Nutriset na Faransa, wanda André Briend da Michel Lescanne suka haɗa a 1996. Iyaye da yawa, da sun ga jariri ba ya ƙara nauyi, shi suke fara nema. A aikin da aka yi shi dominsa ba shi da na biyu, amma ba kowane ramammen yaro ne yake wa amfani ba.

Leda ɗaya giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500. Abin da ke ciki: niƙaƙƙiyar gyaɗa, sukari, man girki, garin madara, da sinadaran bitamin da ƙarfe. Kusan babu ruwa a cikinsa, shi ya sa ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa, kuma yakan kai wata 24 bai lalace ba idan ba a buɗe ba. A inda ruwan sha ke da wuyar amincewa, musamman da damina, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba dafawa, ba damawa.

An yi shi ne don yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 wanda tamowa ta yi wa tsanani. Ba da ido ake ganewa ba. Ana ɗaura zaren awo a tsakiyar damtsen hagu: ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani, 115 zuwa 125 rawaya, sama da haka kore. Ana kuma danna bayan ƙafafu biyu da yatsa na daƙiƙa uku, idan rami ya zauna, kumburin tamowa ne ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Daga nan sai gwajin ci: a ba shi ledar a gaban ma'aikacin lafiya. Wanda ya ci ya koma gida da rabon mako da maganin amoksisilin. Wanda ya ƙi, ko yake da zazzaɓi mai zafi, amai, ko numfashi sama-sama, kwanciya zai yi, a fara shi da F-75, madarar magani ta masu tamowa mai tsanani.

Yawan da za a ba shi nauyinsa ne ke yankewa. Mai kilo 7 zuwa 9 yakan samu wajen leda 3 a rana. Idan ana bi daidai, mai kilo 7 zai riƙa ƙara giram 250 ko fiye a mako, ya warke cikin mako 6 zuwa 8.

To ina ake samun matsala? Galibi a gida. Abin yana da zaƙi, yayye na zagaye da tabarma, uwa kuma ba ta iya hana su. Leda uku ta zama ɗaya da rabi, sikeli ya tsaya cak. Wasu kan zuba shi a kunu ko ruwa, sun kashe babban amfaninsa ke nan, don da ya jiƙe zai fara lalacewa. Yana sa ƙishi sosai, yaron da ba a ba shi tsaftataccen ruwa yana ci yana kurɓa ba zai ture hannu, a ce ba ya so. Idan aka fara cika masa ciki da tuwo ma haka. Nono tukuna, sannan ledar, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini. Zafinmu na watan Afrilu kan sa mai ya rabu ya taso, sai a murza ledar kafin a yage bakinta, wadda aka buɗe kuma kada ta wuce kwana ɗaya. Ga ɗan wata 6 ko 7 yana da kauri, wannan aibinsa ne na gaske. A lakata masa da wankakken yatsa. Idan duk an kiyaye amma mako uku nauyi bai motsa ba, a nemi cuta a ƙasa: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, tarin fuka.

Na kasuwa kuwa a bar shi. Kyauta ake bayarwa a cibiyoyin lafiya, wanda ke kan tebur rabon wani yaro ne, ya sha rana, kuma babu awo babu magani tare da shi.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, sam ba nasa ba ne. Shi a duba kamun nono: baki a buɗe sosai, haɓa na taɓa nonon, sau 8 zuwa 12 dare da rana, ya ƙare ɗaya kafin a juya shi, ba ruwa ba jiƙo. Wanda ya wuce wata 6 kuma damtsensa na kore, kunu mai kauri ya fi masa: awo uku na garin gero ko dawa, awo ɗaya na gyaɗa ko soyayyen wake, ƙaramin cokali na mai, a yi kaurin da ba ya zuba daga cokali. A ƙara ƙwai, garin busasshen kifi ko zogale, sau 2 zuwa 3 a rana har wata 8, sau 3 zuwa 4 daga wata 9, a kuma koma awo kowane wata da katinsa.