Gargaɗi ga masu neman Benelli ko Beretta ta hannu a Amurka

Mai neman bindigar farautar tsuntsaye mai ɗura kanta a Amurka, wanda kuɗinsa bai wuce dala 600 zuwa 800 ba, zaɓi biyu ne a gabansa. Ko dai ya sayi sabuwa mai sauƙin kuɗi irin su Stoeger M3000 ko CZ 1012, waɗanda ake ƙerawa a Turkiyya, ko kuwa ya nemi ta hannu daga manyan kamfanoni, wato Benelli, Beretta ko Browning. Mafarauta da yawa za su ce maka tsohuwar Beretta mai lafiya ta fi sabuwar mai araha, kuma sau da yawa gaskiyarsu ce. 'Yan damfara ma sun san ana ba da wannan shawara, a kanta suke ɗana tarko. 'Yan'uwanmu mazauna can, musamman sababbin shiga farauta, muna roƙon ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa ko sisi.

Da farashi ake fara jan mutum. Sabuwar Benelli M2 takan kai wajen dala 1,400, Super Black Eagle 3 da M4 kuwa suna kusan dala 2,000. Waɗannan bindigogi ba sa faɗuwa sosai a kasuwar na hannu, domin masu nemansu sun fi masu sayarwa yawa. Idan ka ga an tallata M4 "kamar sabuwa" a dala 650, har da jaka da harsashi kyauta, to ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Da gangan suke ajiye farashin daidai da na sabuwar Stoeger, don mai saye ya ce a ransa: me zai sa in sayi ƙarama alhali ga babba a kuɗi ɗaya?

Damfarar da ta fi yawa ita ce wadda babu bindigar ma kwata-kwata. Sai a buɗe shafin intanet mai kama da shagon bindiga, ko a sa talla a wuraren cinikin na hannu irin su Armslist, da hotunan da aka kwafo daga tsofaffin gwanjon GunBroker. Wani salon kuma, kai ne za ka rubuta cewa kana neman Beretta A400, sai wani ya aiko maka da saƙo wai amininsa ko surukinsa yana da ita, ga imel ɗinsa. Da mai saƙon da "aminin" duk mutum ɗaya ne. Za a ba ka dalilin gaggawa: ana tura shi aiki wata ƙasa, ko ta mahaifinsa ce da ya rasu, ko wani ya riga ya taya amma kai ya fi so ya sayar wa. Daga nan sai maganar biya, kuma a nan ne asiri yake tonuwa ga mai lura. Ba za su karɓi katin bashi ba. Zelle za su ce, ko Cash App, ko Bitcoin, ko katin kyauta na shago, ko PayPal ta hanyar "abokai da dangi". Duk waɗannan hanyoyi ne da kuɗi ba ya dawowa cikin sauƙi idan ya tafi. PayPal ma ƙa'idarsa ta hana cinikin bindiga, saboda haka ko ka kai ƙara ba ka da kariya.

Bayan ka biya ba su gama da kai ba. Kwana ɗaya ko biyu sai ga imel daga "kamfanin jigila" da ba wanda ya taɓa jin sunansa, wai kaya sun tsaya sai an biya inshora dala 300 wadda za a mayar maka, ko kuɗin takardar ƙetare iyakar jiha. Babu irin wannan kuɗi a cinikin gaskiya. Wanda ya biya wannan, za a ƙirƙiro masa na uku. Har akwai masu zuwa daga baya su ce su ƙwararru ne wajen ƙwato kuɗin da aka damfara, a ba su kafin alƙalami. Su ma gidan ɗaya ne.

Dokar tarayyar Amurka kanta ta ba ka ma'aunin gane maƙaryaci. Bindigar da ka saya daga wata jiha ba a aiko maka da ita gida. Dole ta sauka a hannun dillali mai lasisin tarayya, wanda ake kira FFL. A can za ka cike takardar 4473, a bincika sunanka a tsarin NICS na FBI, ka biya kuɗin hidima wanda yawanci yake tsakanin dala 25 da 50, sannan a miƙa maka. Duk wanda ya ce zai kawo maka har ƙofar gida "ba takarda, ba bincike", ko dai ɓarawon kuɗinka ne, ko kuma yana jan ka cikin laifin da zai iya kai ka kurkuku ya kuma lalata maka takardun zama. Wanda yake da katin zama na dindindin yana iya saye. Mai bizar karatu ko ta ziyara kuwa doka ta hana shi riƙe bindiga, sai da wasu 'yan togaciya, kamar mallakar lasisin farauta mai aiki. Kada kuma ka yarda ka cike takarda da sunanka don wani. Wata dokar tarayya ta 2022 ta sa hukuncin wannan yana iya kaiwa ɗaurin shekara 15.

Masu wayon cikinsu sukan aiko da hoton lasisin FFL don ka saki jiki. Lasisin na gaske ne, na wani shago ne da bai san ana amfani da sunansa ba, an dai canza lambar waya ko imel. Ga yadda ake tantancewa. Lambar lasisin tana da gurbi 15. Ka shiga shafin FFL eZ Check na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ka sa ukun farko da biyar na ƙarshe, zai nuna maka sunan shagon, adireshinsa da ranar ƙarewar lasisin. Wannan ya tabbatar da cewa shagon yana nan, amma bai tabbatar da cewa da shi kake magana ba. Sai ka nemo lambar wayar shagon da kanka ta wata hanya dabam, ka kira, ka tambaya ko suna da wannan bindiga mai lambar jikin da aka ba ka. Ka duba shekarun shafin intanet ɗin a ma'ajiyar ICANN, inda ake ganin ranar da aka yi wa shafi rajista: shagon da yake iƙirarin shekara 20 yana kasuwanci amma shafinsa bai cika wata biyu ba, an gama magana. Hotunan kuma ka sa su a Google Lens ko TinEye don ka ga ko daga wani wuri aka kwafo su. Neman hoto da takarda mai sunanka a kusa da bindiga ya daina isa, don ana haɗa shi da kwamfuta. Ka nemi kiran bidiyo, ya ja sakata baya a gabanka, ya nuna maka lambar da ke jikin bindigar. Mai kaya na gaskiya ba ya ƙin wannan.

Damfara ta biyu ta fi wuyar ganewa, domin bindigar tana nan, ana iya taɓa ta. Kamfanonin Turkiyya da dama suna ƙera kwaikwayon Benelli M4, ana sayar da su a fili da sunayensu a kan kusan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na kuɗin ta asali, kuma wannan halal ne a doka. Matsalar ita ce mai sayar da ta hannu da zai sa wa irin wannan ƙota ko wasu sassa na Benelli, ya ɗauki hoto daga nesa, ya rubuta "Benelli M4" a talla. Abin da za ka duba shi ne rubutun da aka sassaƙa a uwar jikin bindigar da kan bututu, ba na kan jaka ko ƙota ba. Benelli a Urbino ake yin ta, a Italiya. Bindigar da aka ƙera a Italiya tana ɗauke da tambarin gidan gwajin ƙasa da ke Gardone Val Trompia, garin da Beretta take, kuma a kan tsofaffi, kusa da tambarin akwai haruffa biyu a cikin ɗan akwati masu nuna shekarar gwaji: AA ita ce 1975, BA 1991, CA 2006. Wannan yana kama wata ƙaryar ma, ta mai cewa "bara na saye ta sabuwa" alhali haruffan sun nuna ta haura shekara 15. Idan ka ga wurin lambar bindiga an goge, an kankare ko an sake bugawa, ajiye ta ka tafi. Riƙe irin wannan laifi ne na tarayya ko da ba kai ka goge ba.

Akwai kuma wadda sunanta na gaske ne amma an ɓoye ciwonta. Bindigar farautar agwagwa tana shan ruwa da laka. A Benelli, sifirin da ke mayar da sakata yana cikin wani bututu a cikin ƙota, wurin da mai saye ba ya gani, kuma nan ne tsatsa take zama. Alamarsa ita ce sakata ta riƙa komawa gaba da sanyin jiki. Idan ba ta kulle sosai ba, za ka ja kunama ka ji ƙas, ba ta tashi ba. Sifirin ba shi da tsada, amma idan bututun nasa ya ci tsatsa aikin ya ƙaru. A masu aiki da iskar harsashi, irin su Beretta 391 da Remington 1100, ka cire katakon gaba ka duba fistin da bututun da yake zamewa a kai: baƙin dattin da ya daskare ana wankewa, amma ramukan tsatsa ba sa wankuwa. Zoben robar da ke tare iska a Remington 1100 kuɗinsa kaɗan ne, kada a tsorata ka da shi, kada kuma a ce maka shi kaɗai ne matsala ba tare da ka gwada ba. Katakon gaba yakan tsage daga ciki kusa da uwar jiki, sai ka cire shi za ka gani.

Bututu ne ya fi komai muhimmanci, don sabon bututun Benelli ko Beretta kaɗai yana iya kusan cin kuɗin sabuwar Stoeger. Bayan ka tabbata babu harsashi, cire shi ka ɗaga wa haske. Baƙin zobe a ciki yana nufin kumburi, kuma za ka ji shi idan ka bi bayan bututun da yatsu a hankali. Yana faruwa idan an harba alhali laka ko wani abu ya toshe bakin. Tun 1991 aka hana harbin agwagwa da ƙwayoyin dalma a duk faɗin Amurka, sai na ƙarfe da makamantansu, kuma tsofaffin bututu masu matsattsen baki, kamar na Browning Auto-5 ƙirar Beljiyam, ƙarfe yana kumbura su. Ka nemi a kwance cok, wato ɗan bututun da ake ɗaurawa a baki don matse shi, a gabanka. Idan ya ƙi fita, tsatsa ta kama shi. Ka kuma tabbata irin na bindigar ne: nau'o'in cok na Mobil, Crio da Optima ba sa musanya, kuma sa wanda ba nata ba yana iya fasa bakin. Karanta tsawon harsashin da aka rubuta a jikin bututu, inci 2¾, 3 ko 3½, kada ka dogara da bakin mai sayarwa.

Maganar garanti ma ana yaudara da ita. Garantin shekara 10 na Benelli na wanda ya fara saye ne daga shago, ba ya bin bindiga zuwa hannu na biyu. Tsohon kamfanin Remington ya karye a 2020, don haka duk alkawarin gyara da aka yi maka a kan tsohuwar 1100 na mai sayarwa ne kawai. Sabuwar Stoeger kuwa tana zuwa da garantin shekara 5, kuma kamfanin yana ƙarƙashin Beretta Holding kamar Benelli, tsarin aikinta ma na ƙarfin bugun harsashi ne iri ɗaya. Gogewarta ba ta kai ba, takan yi gardama da harsashi mara ƙarfi kafin ta saba, amma bindiga ce da za ka gani a shago ka ɗauka ka juya. Ra'ayinmu a fili yake: ta hannu daga babban kamfani ta cancanci kuɗinta ne kawai idan ka duba ta da idonka, ko ka saya daga dillalin da ka tantance, ka biya da katin bashi, aka kuma rubuta maka kwana uku na dubawa da damar mayarwa. Idan duka hanyoyin biyu suka gagara, sabuwar mai sauƙin kuɗi ta fi maka. Ko cinikin cikin jiha ɗaya ne, ku haɗu a shagon FFL. Jihohi irin su Kalifoniya da Niyok ma sun wajabta hakan.

Ga na gida kuma: ana yawo da irin waɗannan hotuna a WhatsApp da Facebook, wai za a aiko da bindiga daga Amurka ko Turkiyya zuwa Najeriya har da lasisi. Facebook ya hana cinikin bindiga tsakanin mutane tun 2016. Fitar da ita daga Amurka sai da izinin gwamnati, kuma Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta sa mai ɗura kanta a cikin rukunin da Sufeto Janar na 'yan sanda yake ba wa lasisi ba. Wanda ya tura kuɗi ya yi asara, kuma ba shi da bakin kai ƙara.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa a Amurka, ya kira bankinsa a ranar, kada ya ƙara tura komai, ya adana saƙonni, lambobin waya da rasidai. Ya shigar da ƙara a ic3.gov na FBI da ReportFraud.ftc.gov, ya kuma sanar da ATF da shagon da aka yi amfani da lasisinsa. Idan har ya aika musu hoton lasisin tuƙinsa, ya rufe bayanan bashinsa a kamfanonin da ke ajiye su, wato Equifax, Experian da TransUnion, domin da wannan hoton za su yi wa na gaba ƙaryar cewa su ne shi.