Mai durowa ko mai kantoci: wane tebur ya fi dacewa da ɗakin wasan yara?

'Yar uwa, kin ce yaranki biyu ne, mai shekara 4 da mai 7, kuma kina so ki haɗa musu teburin zane da rubutu da hannunki, wanda zai ɗauke littattafai da kayan wasa ba tare da ya ci kuɗi ba. Kin rasa na zaɓa tsakanin mai durowa da wanda ake ɗora falanki a kan kantoci biyu buɗaɗɗu. Ni dai mai kantocin nake ba ki shawara.

Mu fara da wahalar aikin. Durowa ba ta yafe kuskure. Akwati ce a cikin akwati, in gefe ɗaya ya zarce da milimita 2 ko 3 sai ta riƙa cijewa, kullum sai an yi fama da ita kafin ta buɗe. Kowace ɗaya tana son ƙarfe biyu da za ta zame a kansu, da mariƙi, da katakon cikinta. Can ne kuɗin yake tafiya. Mai kantoci kuwa yanka ne a miƙe, sai gam da sukuru. Falle ɗaya na filaiwud mai kaurin milimita 18, wanda girmansa santimita 122 da 244 ne, ya isa. A tsaga shi gida uku a tsaye, kowane mai faɗin 40. Na farko ki fitar da saman tebur mai tsawon 160, na biyu ya ba ki gefuna huɗu, ragowar su zama kantoci. Ki sa a yanka miki tun a wurin saye, don zarton hannu yana karkacewa. Bayan kowace kanta ki rufe shi da siririn katako, shi ne zai hana ta rangaji.

Kada arhar MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, ta ja ki. Yana da santsi, fenti yana zama a kansa da kyau, amma da ruwa ya ratsa gefensa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. Teburin da za a riƙa wanke burushin fenti a kansa bai dace da shi ba.

Sai tsayi, wanda shi ne aka fi yin sakaci da shi. A ma'aunin kayan makaranta na Turai, tebur mai santimita 53 yana tafiya da kujera mai 31, mai 59 kuma da mai 35. Ki yi naki 59 saboda babban, ƙaramin ki ba shi kujera mai ɗan tsayi da abin taka ƙafa. A ƙaramin tebur irin wannan, durowar da ke ƙarƙashin falanki tana cinye wurin gwiwa, yaro ya koma zama a karkace. Kuma in sun girma, mai durowa ya tsaya inda yake. Mai kantoci sai ki sa wa kowace kanta gindi na santimita 5 ko 6, tebur ya ƙara tsayi.

Abin da ya fi damuna shi ne hatsari. Yaro ɗan shekara 4 in ya ga durowoyi a jere, tsani ya gani. Zai jawo ta ƙasa ya taka, nauyi ya rinjayo gaba. A 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye akwatunan durowa kusan miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan sun faɗo wa yara har an rasa rayuka. Ga kuma matse yatsa. Kanta buɗaɗɗiya ba ta da abin jawowa, amma ita ma ana hawanta, don haka ko wanne kika yi ki ɗaure shi da bango da ƙarfe mai kusurwa, ki kuma kafe falankin da sukuru daga ƙasa. Ki goge kusurwoyi da samfefa har sai kin shafa da tafin hannu ba ki ji kaifi ba. Fenti na ruwa za ki shafa. In tsohuwar ƙofa za ki mayar saman tebur, ki guji mai tsohon fenti, don wani yana ɗauke da gubar dalma.

Durowa tana da nata amfanin, ba na musu. Tana tsare kaya daga ƙura, ɗaki ya fi kyan gani, ƙananan abubuwa ba sa watsewa. Sai dai yaro abin da yake gani shi yake ɗauka, kuma inda ya fi sauƙi nan yake mayarwa. Ki sa kwanduna ko robobi marasa murfi a kantocin, ki liƙa wa kowanne hoton abin da ke ciki: motoci nan, alli da fensir can. Littattafai masu nauyi su zauna a kantar ƙasa. Almakashi da gam kuwa ki ɗora su can sama inda hannun ƙaramin bai kai ba.