Garejin da ke bin diddigin matsalar silo a Birnin Kebbi

Masu tsofaffin babura irin su Jincheng da Honda CG125 sun san yadda akasarin makanikai ke yi da mashin ɗin da ba ya silo, wato injinsa ba ya ci gaba da juyawa a hankali idan an saki totur: su murɗa sukuru har ƙarar inji ta tashi, su karɓi kuɗinsu, mashin kuwa ya koma shan mai da fizga duk lokacin da aka sa giya. Wani ƙaramin gareji da ke bakin hanyar Jega ba ya bin wannan gajeriyar hanya, shi ya sa na ga ya cancanci a faɗi aikinsa.

CG125 ɗin da na kai yana mutuwa ne da zarar an saki totur, musamman idan inji ya ɗau zafi. Maigidan garejin, dattijo mai ƙarancin magana, ya fara da kwance filogi, ya nuna mini bakinsa fari fat, ya ce, “Malam, iska ta fi fetur yawa a cikin injin nan.” Daga nan ya lanƙwasa robar da ke haɗa kafireta da inji, sai ga wata siririyar tsaga a ƙarƙashinta, wadda ido ba zai gani ba idan robar na zaune a mazauninta, ta nan iska ke kutsawa tana ɓata haɗin fetur da iska. Da ya buɗe kafiretar kuma, ƙaramin jet ɗin silo, wato ɗan bututun da fetur ke bi idan inji na silo, ya toshe da tsatsar tanki da dattin man bumburutu. Ya jiƙa shi a fetur ya hure shi da iskar famfo, ya kuma tsawata wa yaronsa da ya miƙo waya, domin waya tana faɗaɗa ramin jet, kuma ramin da ya faɗaɗa ba ya komawa.

Sai da inji ya huce sarai dattijon ya auna tazarar bawul da ma'auni, ya mayar da ita milimita 0.08, domin bawul ɗin da ya matse ba ya rufuwa sosai idan ƙarfe ya yi zafi. Soson matatar iska, wanda ƙurar hunturu ta cika, an wanke shi an shafa masa ɗan baƙin mai.

Akwai inda wurin ya gaza. Ba su da na'urar auna juyin inji, don haka da kunne aka daidaita silon da ya kamata ya tsaya wajen juyi 1,400 a minti. Kunnen dattijon abin dogaro ne, amma ban yarda da na yaransa haka ba. Rumfar ma ba ta tare rana, ga jira mai tsawo. Ba sa ajiye kayan gyara, saboda haka wanda zai je ya sayi sabuwar roba mai kyau da filogi a kasuwa tukuna, ya kuma isa da sassafe kafin 'yan acaɓa su cika wurin.