Rumfar Baba mai walda a Agege: aikin ƙarfe sai godiya, amma ka zo da matashin zamanka

'Yan'uwana masu ciwon laka a nan Legas suna yawan tambayata inda aka haɗa mini babur mai ƙafa uku, da kuma wanda ya ƙera keken da nake zama a kai. Duk wuri ɗaya ne, wata rumfar walda a Agege, kusa da layin dogo, ta wani dattijo Bakano da kowa ke ce wa Baba. Babu allon suna. Alamarta ita ce kekunan guragu da aka jera a bakin kwata ana jiran fenti ya bushe.

Ni tsohon ɗan acaɓa ne. Mota ce ta ɗebe ni ta baya, lakata ta taɓu a daidai ƙashin da likitoci ke kira T10, wato daga cibiya zuwa ƙasa ba na ji kuma ba na motsawa. Hannayena da kafaɗuna lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Na faɗi haka ne don kowa ya auna da nasa jikin, domin wanda rauninsa yake a wuya, yatsunsa ba sa damƙa, buƙatarsa daban ce da tawa.

Keken da na fita da shi daga asibiti na sadaka ne, irin mai naɗewa wanda ake tura majinyaci da shi a baranda. Allah ya saka wa wanda ya bayar. Sai dai an yi shi ne don daɓen siminti, ƙananan tayoyinsa na gaba suna maƙalewa a kowane rami, ga shi da faɗi har mutum ya riƙa karkacewa a ciki. Damina ɗaya a lungunan Agege ta gama da shi.

Abin da ya fara burge ni da Baba shi ne bai taɓa ƙarfe ba sai da ya gama da jikina. Ya ɗauko tef ya auna faɗin ƙuguna, ya auna daga bayana zuwa lanƙwasar gwiwa, ya rage kamar yatsu uku don kada bakin mazauni ya riƙa gugar bayan gwiwar. Ya ce, "Malam, sake hannunka ƙasa," ya duba inda yatsuna suka sauka, a nan ya sa sandar manyan tayoyin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan tayar ta yi baya da yawa, kafaɗa ce ke shan wahala a kowane turi, mu kuwa kafaɗa ita ce ƙafarmu. Idan ta yi gaba da yawa, keken zai riƙa ɗagawa ya kifar da mutum ta baya. Mai gashin ƙashin da ke duba ni ta ga keken, ta ce awon ya yi daidai da ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 kan samar da kekuna a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Baba bai taɓa karanta ta ba. Shekarun da ya yi yana zama a kan keke ne suka koya masa, don shi ma shan inna ta taɓa shi tun yana yaro.

Tayoyin baya na keken hawa ne, inci 26, saboda haka duk mai faci a unguwa zai iya gyara su. Gaba taya ɗaya ce mai kauri da aka miƙa ta can gaba, tana haye dutse da bakin kwalbati ba tare da ta tsaya ba. Boris ɗin irin wanda ake samu a kasuwar Ladipo ne, bututun kuma daga kasuwar ƙarafa ta Owode Onirin yake sayowa. Waldarsa ba ta taɓa buɗewa ba. Aibin keken nauyi ne, kuma ba ya naɗewa. Kwandastan danfo yana ganinsa zai kau da kai. Idan zirga-zirgarka ta motar haya ce, ka riƙe mai naɗewa a gefe don ranar tafiya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Mazaunin da Baba yake sawa katako ne da siririn soso, an rufe da leda. Akasarin masu zuwa wurinsa masu shan inna ne, su kuwa suna jin jikinsu. Idan zama ya dame su za su gyara ba tare da sun yi tunani ba. Mu ba ma ji. Ƙasusuwa biyun da mutum ke zama a kansu suna danne fata, jini ya daina zagayawa a wurin, naman ya fara mutuwa daga ciki, kai kana ta hira ba ka sani ba. Ledar kuma tana tara gumi a wannan zafi na Legas, fata ta yi laushi. Da fari jan tabo ne, ko duhu a fata irin tamu, wanda ba ya washewa ko an ɗaga. Daga nan sai gyambo, gyambon kuma yana iya cin nama har ƙashi, ya kwantar da mutum watanni a kan cikinsa, wani ma ya yi ajalinsa. Na ga wanda aka sallame mu tare da shi, gyambon zama ya mayar da shi asibiti, bai fito ba. Allah ya jiƙansa.

Na yi wa Baba wannan bayani. Ya saurara da kyau, ya ce, "Wallahi Malam ban taɓa kawo wannan a raina ba." Ya ƙara kaurin soso, ya canza ledar zuwa yadi. Ya kyauta, amma har yanzu bai isa ba. Soson katifa yana lotsawa ya zama kamar tabarma cikin ɗan lokaci. Abin da ake buƙata matashi ne da aka yi musamman don raba nauyi, ko mai ƙananan jakunkunan iska, ko mai taurin soso da aka sassaƙa masa gurbi a ƙarƙashin ƙasusuwan nan. Ka nemi mai gashin ƙashi ta taya ka zaɓa, ka saya tun kafin ka je rumfar, ka miƙa wa Baba ya yi awo da shi, don kaurinsa yana canza tsayin mazauni da na matakin ƙafa. Ko da matashin, kar ka bar ɗaga jiki ko sunkuyawa gaba duk bayan minti 15 zuwa 30, kuma ka duba fatarka da madubi safe da dare. Idan kuɗinka ba zai kai ga fenti da matashi tare ba, bar fentin.

Babur ɗin kuwa Bajaj Boxer ne, irin wanda na saba da shi. Ya cire tayar baya ya sa biyu, ya mayar da giya ta zama sanda a gefen tanki, birkin ƙafa ya dawo hannu. Ya sa majingina da ɗamara a ƙugu saboda tsokar cikina ta ƙasa ba ta riƙe ni a kwana, ya yi wurin ɗaura keke a baya. Babu ribas, sai ka koyi yin fakin ta yadda za ka fita ta gaba. A kwana kuma sai a hankali, don mai ƙafa uku ba ya kwantawa yadda mai biyu ke yi, ɗaga taya yake. Yawona a cikin Agege ne, masallaci, kasuwa, ɗaukar kayan shagona. Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a ranar 1 ga Yuni 2022, ciki har da Ikeja da ke maƙwabtaka da mu, aka ƙara huɗu a watan Satumba, ba na kai kaina inda za a yi gardamar ko nawa acaɓa ne ko ba shi ba.

Abu mafi kyau a jikin babur ɗin ba dabarar Baba ba ce shi kaɗai, da hannun 'yata ta fari a ciki. Yarinyar nan ta kamu da son tseren babur na turɓaya da tuddai, motokuros, musamman gasar mata ta duniya da ake yi tun 2008. A wayata take kallo. Ta san Kiara Fontanesi 'yar Italiya ta ci kambun sau shida, Courtney Duncan ta New Zealand ta ci a 2019, 2020, 2021 da 2023, ga Lotte van Drunen 'yar Holan da ta ɗauka a 2024 tana 'yar shekara 17. Cikin wannan kallon ta ci karo da Doug Henry, zakaran Amurka wanda ya samu ciwon laka a tsere a 2007, ya koma hawa da babur da aka kewaye masa ƙafafu da kejin ƙarfe. Ta ce, "Abba, kai ma ƙafarka idan ta zame ko ta taɓa salansa ai ba za ka sani ba." Gaskiya ta faɗa, salansa tana iya gasa ƙafar irinmu har sai an ji ƙauri. Ta kai wa Baba hoton, ya juya shi ya sake juyawa, ya lanƙwasa bututu ya kewaye ƙafafuna, ya sa faranti da tazarar iska a kan salansar, ya ƙara maɗauri a matakin ƙafa. Yanzu duk mai ciwon laka da ya zo haka yake yi masa.

Tun daga nan ya yarda ta riƙa zuwa ranar Asabar tana koyon kwance inji, da hijabinta, ga ni zaune a gefe. Na san dattawa da yawa da za su ce wannan ba wurin 'ya mace ba ne, shi bai ce ba, kuma wannan ya ƙara masa daraja a idona. Mutanen unguwa sun yi magana. Mahaifiyarta ma ta yi kuka, ta ce babur ya karya mata miji, yanzu kuma 'ya. Tsoronta yana kan hanya, wasan yana da haɗari na gaske. Heinz Kinigadner na Ostiriya, wanda ya zama zakaran duniya na motokuros a 1984 da 1985, ɗansa Hannes ya shanye a tseren babur a 2003, abin da ya sa ya haɗa hannu da Dietrich Mateschitz, attajirin kamfanin Red Bull, suka kafa gidauniyar Wings for Life a 2004 don binciken maganin ciwon laka. Na san wannan duka, a jikina ma na sani. Amma ni abin da ya karya ni titi ne mai cunkoso, da gaggawar neman na cefane, ba hular kwano, ba komai a bayana. Na ce mata ina bayanta da sharaɗi: ba za ta hau kwalta ba, ba za ta hau komai ba sai da hular kwano mai rufe haɓa, da takalmi mai tsawo, da sulken ƙirji da baya, kuma a fili, da mai koyarwa. Kayan muke tarawa ɗaya bayan ɗaya. Hular ta samu.

Sauran abin da ya kamata mai zuwa ya sani kaɗan ne. Baba yana karɓar rabin kuɗi a fara aiki, sauran a biya a hankali, kuma abin da na biya na keken bai kai rabin kuɗin na waje mai irin ƙarfinsa ba. Ranar da ya sa maka ba ita ce ranar ba, wuta ce ke yanke hukunci, janaretansa kuma ba ya ɗaukar injin walda na dogon lokaci. Gyara bayan an karɓi kaya kyauta ne idan daga aikinsa matsalar take. Babu banɗakin da keke zai shiga a kusa, don haka mai amfani da robar fitsari ya kimtsa tun daga gida, ya je da sassafe kafin rana ta buɗe, don awon farko yana cin lokaci kuma rufin kwanon rumfar yana ɗaukar zafi sosai da hantsi.