Gargaɗi ga masu walda a Gombe kan na'urar hoton ƙarfe ta bogi

Ina jan hankalin 'yan'uwa masu walda, musamman masu ƙera tankunan mai da na ruwa, game da wani mutum da ke zagaya wuraren sana'armu a cikin garin Gombe da ƙaramar na'ura a jaka, yana cewa ta eksire ce mai gano tsaga a cikin walda. Yana karɓar rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, yana kwaɗaita wa mutane aikin bututu a Kolmani, inda aka ƙaddamar da haƙar mai a Nuwamban 2022.

Abin da ke hannunsa ma'aunin kaurin ƙarfe ne mai aiki da sauti. Yakan shafa ɗan maiƙo a jikin ƙarfen, ya ɗora bakin na'urar, da zarar lamba ta fito sai ya ce walda ta yi. Lambar nan kauri kawai take faɗa, ba ta nuna kumfa ko wurin da ƙarfe bai narke ya haɗu ba.

Na'urar gaskiya, ko da ta ɗauka a hannu ce, tana da nauyi sosai, kuma da yawa daga cikinsu suna aiki da wutar lantarki mai ƙarfin gaske, kilobolt 200 zuwa 300. Kamar hoton ƙashi a asibiti, sai an manna fim ko farantin ɗaukar hoto a bayan ƙarfen, hasken eksire ya ratsa, sannan a ga lambobin dalma da siraran wayoyin ƙarfe na gwaji da aka ɗora a kan waldar sun fito a hoton. Masu aikin kan kewaye wurin da igiya su nisantar da jama'a, kowannensu maƙale da ma'aunin hasken da jikinsa ya sha, domin hasken yana ƙona nama, yana kuma jawo ciwon daji. Shi ya sa wata dokar Najeriya ta 1995 ta hana shigo da irin wannan na'ura ko amfani da ita sai da lasisin NNRA, hukumar da ke sa ido kan harkokin nukiliya a ƙasar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne takardun shaida masu hatimi da yake sayarwa. Tankin da aka binne a gidan mai bisa irin wannan takarda yana iya yoyo cikin rijiyoyin maƙwabta, balle tukunyar gas da ke tsakiyar unguwa.

Don Allah duk wanda mutumin nan ya zo masa, ya nemi ganin lasisi da hoton aikin da ya taɓa yi. Wanda ya riga ya tura kuɗi kuwa ya adana rasit da saƙonnin waya, ya kai ƙara ofishin EFCC na Gombe, ya kuma sanar da shugabannin ƙungiyar masu walda.