Kafin ka ɗaura wa tsohon jirginka sabon inji

Jirgin kawuna na katako ne, ya haura shekara goma a ruwan Epe, injin da ke kai ya mutu murus, makanike ya buɗe ya ce kawu wannan sai dai a sayar da shi a kilo. To yawon da muka yi kafin mu samu wani shi ya sa na ce bari in rubuta ma 'yan'uwa masu su a nan Legas, musamman namu na Yawuri da suka sauko lagun.

Kafin ka tambayi kuɗin inji je ka duba gindin jirginka tukuna, wato katakon baya da ake ɗaura injin a kai. Sa sukudireba ka danna, in ta nutse kamar a cikin burodi to katakon ya ruɓe, kafinta za ka fara kira ba dila ba. Sannan ka auna tsayinsa daga sama zuwa ƙasan jirgi. Ƙafar inji iri-iri ce, gajera inci 15, doguwa inci 20, akwai ma mai 25. Ka sa gajera a jirgi mai tsayi farfela ta riƙa shan iska tana kuka jirgi bai tafiya, ka sa doguwa inda ba ta dace ba kullum kana cikin laka, kuma lagun ɗin nan wurare da yawa ba zurfi.

Sai babbar gardamar, tu-sitirok ko fo-sitirok, wato mai baƙin mansa daban kamar injin mota. Tu-sitirok shi ne wanda ake haɗa masa baƙin mai a cikin fetur, yawanci lita 1 a lita 50 amma ka bi abin da littafinsa ya ce, irin su Yamaha Enduro da ka fi gani daga Makoko har Badagry. Mai doki 40 nauyinsa kilo 70 da ɗan wani abu, fo-sitirok mai doki 40 kuwa ya doshi kilo 100. A sabon jirgin faiba wannan ba komai ba ne, amma a tsohon katako ƙarin kilo 25 ɗin nan a can ƙarshen baya yake zaune, gindi ya nutse, ga taru jiƙaƙƙe ga ƙanƙara ga mutum uku, igiyar ruwa ɗaya ta taso daga baya kun fara kwalfe ruwa da roba.

Inda fo-sitirok ya ci shi ne mai. Enduro 40 in ka murɗa shi har ƙarshe yana shan kusan lita 20 a awa, kuma tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda jarka take ƙona aljihu. Fo-sitirok bai sha haka, bai hayaƙi, ƙararsa kaɗan. Sai dai ya fi tsada, yana son canjin baƙin mai da filta a kan lokaci, kuma wanda ke da injekta bai yafe gurɓataccen fetur, mu kuwa fetur ɗin bakin ruwa Allah kaɗai ya san ruwan da ke ciki. Enduro in ya tsaya maka a tsakiyar ruwa ka kwance fulogi ka goge, ka hura kabureta, ka ja igiya, sau da yawa ya tashi. Ni dai in jirginka na katako ne kuma ya tsufa, tu-sitirok nake ba ka shawara. In kana fita teku kullum awa biyar shida kuma kana da makaniken da ya san fo-sitirok da gaske, ba mai cewa kawo mu gwada ba, to yi lissafin man shekara ka gani.

Kuma inji mai ƙarfin doki 40 ba dole ba ne. Ƙaramin kwale-kwale mai zaga kusa doki 15 ya ishe shi, kilo talatin da wani abu ne, mutum ɗaya zai saɓa shi a kafaɗa ya kai gida da dare, wanda ɓarayin inji suka taɓa yi wa aiki ya san amfanin wannan.

Suzuki da Tohatsu injuna ne masu kyau, abin tambaya kawai kayan gyara, in impela, wato robar da ke jawo ruwan sanyaya inji, ta lalace yau za ka samu yau? Na China irin su Parsun sun fi araha, wasu kayansu ma suna shiga da na Yamaha, amma ranar sayarwa ba sa riƙe kuɗi.

Tokumbo, wato na hannu, kuwa nan ne ake kuka. Wani dila ya nuna mana wani an fesa masa fenti yana walƙiya, ya tada shi a fili ba ruwa ya ce Alhaji ji murya. Kawu ya ce ɗana sa shi a duro mu gani. Da aka sa a duron ruwa, fitsarin, wato ruwan sanyaya inji da ya kamata ya fito da ƙarfi ta baya, sai ɗiga yake, muka kwance noti na man giya sai ga shi fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga ke nan. Tada inji ba ruwa ma shi kansa yana ƙona impela cikin ɗan lokaci. In za ka sayi na hannu tafi da makanikenka, ya auna kwamfireshan na kowace silinda su zo kusan ɗaya, a tada shi da sanyi ba wanda aka riga aka ɗumama kafin ka iso ba, ka duba lambar jikinsa ta yi daidai da rasit, don injin sata yana yawo kuma kai za a kama da shi.

Mu dai a ƙarshe Enduro 40 doguwar ƙafa muka ɗauka, bayan kafinta ya canja katakon baya ya ƙara masa ƙarfe. Kawu ya sayi farfela ta biyu ya ajiye a jirgi saboda leda da kainuwar da ke naɗe ta, kuma duk ranar da suka shiga ruwan gishiri sai yaron jirgi ya tada injin a duron ruwan daɗi kafin ya tafi cin abinci.