Na sha ko na allura? Yadda za a zaɓi rigakafin taifot da kwalara

Mai shirin tafiya inda ruwan sha ba shi da tabbas yakan ji tambaya ɗaya a asibiti: kafso kake so ko allura? Da yawa tsoron allura ne ke yanke musu hukunci. Ni kuwa a ganina, abin dubawa tun farko shi ne inda ƙwayar cutar take yin ɓarnarta.

Allurar da aka yi a damtse takan sa jiki ya samar da sojojin kariya da ake kira IgG, masu yawo cikin jini. Rigakafin da aka sha kuma yana tada wasu na daban, IgA, waɗanda ke fitowa cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon hanji. Aikinsu tare ƙofa: su maƙale wa ƙwayar cuta, su hana ta manne wa hanji, har bayan gida ya fita da ita.

Ƙwayar kwalara ba ta shiga jini. A hanji take zama tana zuba dafin da ke tatse ruwan jiki. Shi ya sa tsohuwar allurar kwalara ba ta yi wani abin kirki ba, aka daina amfani da ita, kuma duk rigakafin kwalara na yau na sha ne. Dukoral yana ɗauke da matattun ƙwayoyi da wani ɓangare na dafin marar cutarwa. Sai an dama shi da garin da ke kashe kaifin ruwan ciki, a sha sau 2 da tazarar mako 1 zuwa 6, yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 kuma sau 3, ba ci ba sha awa guda kafin da bayan shan. Euvichol ya fi sauƙi: ba dami, sau 2 da tazarar kwana 14, daga shekara 1. Amma galibinsa yana tafiya rumbun gaggawa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 2013, don haka matafiyi ba lallai ya same shi a kantin magani ba. Vaxchora, wanda Amurka ta amince da shi a 2016, sha ɗaya ne, kwana 10 kafin tafiya. Ƙwayar cikinsa rayayya ce da aka raunana, don haka wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin kwana 14 sai ya jira.

A taifot ne zaɓin yake da ɗan wuya, domin ita ƙwayar ta baki take shiga, sannan ta ratsa bangon hanji ta faɗa jini. Ke nan ana iya tare ta a ƙofa, ana iya tare ta a ciki.

Na shan shi ne Vivotif, shi ma mai rayayyar ƙwaya ne da aka raunana. Kafso 3 ne a Turai, 4 a Amurka, ana sha yau a tsallake gobe, awa guda kafin abinci, da ruwan da ba shi da zafi. Dole ya zauna a firji, kuma a kammala aƙalla mako guda kafin tafiya. Nan ne mutane ke faɗuwa. Wani ya bar kwalin cikin mota da rana, wani ya manta na uku, ya tafi yana zaton yana da kariya. Ba a ba ƙananan yara (iyakar shekara 5 ce ko 6, gwargwadon ƙasa), ba a ba mai raunin garkuwar jiki, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta yana kashe shi. Ribarsa ita ce yana tada kariyar hanji da ta jini tare, kuma a Amurka sai bayan shekara 5 ake sabuntawa.

Allurar Typhim Vi sau ɗaya ce, mako 2 kafin tafiya, daga shekara 2, a sabunta bayan shekara 2 ko 3. Ita da Vivotif kariyarsu kusan ɗaya ce, tsakanin kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari. Mai gaggawa ko mai mantuwa, allura ta fi masa.

Ga jarirai kuwa babu ma gardama. Typbar-TCV na kamfanin Bharat Biotech na Indiya, wanda aka haɗa sukarin ɓawon ƙwayar da wani furotin don jiki ya daɗe yana tunawa, ana yin sa tun daga wata 6. Gwaje-gwajen Nepal da Malawi sun nuna kariyar kusan kashi 80, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita irinsa a ƙasashen da taifot ya yi katutu. Allura ce, ba ta bi ta hanji ba, amma ita ce ta dace da wannan rukunin, tunda ba a ba su na sha.

Kafin ka biya, gaya wa likita ranar tafiyarka, shekarun yaran da za su bi ka, ko akwai mai juna biyu, da duk maganin da kake sha, har da na zazzaɓin cizon sauro, domin wasunsu na raunana rigakafi mai rayayyar ƙwaya.